Daga Wasan Karta Zuwa Sana'ar Duba: Tarihin Tarot da Cinikin Gaibu a Turai da Amurka

1.0 Gabatarwa

A biranen Turai da Amurka akwai wata sana'ar duba da ake yi da wasu katuna 78 masu zane-zane, waɗanda ake kira tarot. Mai neman duba yakan zauna a gaban mai sana'ar, a cuɗa katunan, a baje wasu daga cikinsu, sa'an nan a fassara masa abin da aka ce suna nunawa game da aurensa ko kasuwancinsa ko lafiyarsa. Masu wannan sana'a sukan ce iliminsu gado ne daga malaman Masar na zamanin Fir'auna. A gefensu kuma akwai masu da'awar jin maganar matattu, da masu sayar da kwasa-kwasan horon ruhi a kan kuɗi masu yawa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin yadda wannan ciniki ya faro, da yadda masu shakka suka yi ta gwada shi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa abubuwa uku sun tashi tare, a wuri guda kuma a zamani guda, watau ƙirƙirarren tarihi, da kuɗin duba, da makaranta mai hawa-hawa wadda ake biya kafin a hau kowane mataki. Duk inda aka ga ɗayansu a tarihin da za a kawo, to da wuya a rasa sauran biyun a kusa.

2.0 Asalin Katunan

Wasan karta bai shiga Turai ba sai wajen shekarun 1370. A 1377 hukumar birnin Florence ta Italiya ta kafa dokar hana wani sabon wasa da ta kira naibbe, kuma wani littafin tarihin garin Viterbo ya ambata cewa a 1379 aka kawo wasan garin, kuma asalinsa daga ƙasar Musulmi yake. Wannan suna ya fito ne daga kalmar Larabci wadda Hausa ma ta ara ta zama "na'ibi". Dalili kuwa shi ne kartar Mamalik, sarakunan Masar na wancan zamani, tana da kati 52 a gida huɗu, watau kofuna da tsabar kuɗi da takubba da sandunan wasan ƙwallon dawaki, kuma kowane gida yana da sarki da na'ibinsa da na'ibi na biyu. A 1939 wani masani, L. A. Mayer, ya bayyana wani sashe mai yawa na irin wannan karta da ke ajiye a fadar Topkapi ta Istanbul. Har yau Sifaniyawa suna kiran karta naipes.

Tarot kuwa ƙari ne da Italiyawa suka yi a kan wannan karta. Ambato mafi daɗewa da aka samu shi ne na shekarar 1440 a Florence, sai na 1442 a littafin kuɗi na fadar Ferrara. Sun mai da gida huɗun kati 56, suka ƙara wasu 21 masu cinye kowane kati a wasa, da wani guda da ake kira Wawa. Zanen da ke kan ƙarin katunan duk abubuwa ne da Ba'italiyen ƙarni na 15 ya saba gani a bangon coci da jerin gwanon bukukuwa: Paparoma da Sarkin Rum da Adalci da Mutuwa da Rana da Wata da Ranar Hisabi. Masu mulkin Milan, zuriyar Visconti da Sforza, sun sa an zana masu katuna da ruwan zinariya, wasu daga cikinsu suna nan a gidajen tarihi. Sunan tarocchi, wanda Faransawa suka mayar tarot, bai bayyana ba sai wajen 1505.

Fiye da shekara 300 tarot ya yi a matsayin wasa. Malaman coci da suka yi wa'azi a kansa sun zarge shi ne da zama caca, ba su ambaci duba ba. Iyakar abin da aka samu kafin 1750 shi ne wata 'yar takarda a Bologna mai ɗauke da gajerun ma'anoni na wasu katuna, ita ma ba ta ce komai game da Masar ba. Michael Dummett, shaihin malamin ilimin manɗiƙi na Jami'ar Oxford, shi ne ya tattara mafi yawan waɗannan hujjoji a littafinsa The Game of Tarot na 1980. Wasan kansa bai mutu ba, domin ana yin sa a Faransa da Ostiriya da wasu sassan Italiya, har Faransawa suka kafa masa ƙungiyar ƙasa a 1973.

3.0 Shekarar 1781

Antoine Court de Gébelin limamin Furotesta ne mazaunin Faris, wanda ya ɗauki aikin rubuta wani babban littafi mai suna Le Monde primitif, inda yake son ya nuna cewa duk harsuna da al'adun duniya sun gangaro ne daga wata tsohuwar wayewa guda. A juzu'i na takwas, wanda ya fito a 1781, ya ba da labarin yadda ya tarar ana wasan tarot a gidan wata mata, ya dubi katunan, cikin kwata na sa'a ya gane cewa ragowar littafin Thoth ne, abin bautar Misirawa na hikima da rubutu. Ya ce malaman Masar sun ɓoye iliminsu cikin wasa don kada ya salwanta. Ya ƙara da cewa kalmar ta fito daga harshen Masar, wai tar hanya ce, ro kuwa sarki.

Abin lura a nan shi ne, a 1781 babu mahaluƙi ɗaya a duniya da ya iya karanta rubutun Fir'auna. Dutsen Rashid, wanda ya zama mabuɗin rubutun, ba a tono shi ba sai 1799, kuma sai 1822 Champollion ya warware shi. Da aka iya karanta harshen, ba a sami waɗannan kalmomi da ma'anar da Court de Gébelin ya ba su ba, ba a kuma sami wani abu mai kama da tarot a kaburbura ko takardun Masar ba. Ke nan ya jingina da'awarsa ne ga harshen da babu mai iya ƙaryata shi da shi a lokacin. Ga manazarcin harshe wannan darasi ne game da haɗarin gina asalin kalma a kan kamannin sauti kawai, ba tare da shaidar rubutu ko dokar sauyin sauti ba. Abin mamaki kuma shi ne, karta ta fito daga Masar da gaske, amma Masar ta Mamalik Musulmi ta ƙarni na 14, wadda shi bai waiwaya ba.

4.0 Etteilla: Farashi da Makaranta

Court de Gébelin ya rasu a 1784 bai ci moriyar ra'ayinsa ba. Wanda ya mai da ra'ayin haja shi ne Jean-Baptiste Alliette (1738–1791), wani mai sayar da irin shuka, daga baya mai sayar da hotunan ɗab'i, wanda ya juya sunansa baya ya zama Etteilla. Tun 1770 ya buga littafin duba da kartar wasa ta yau da kullum, kuma a cikinsa bai jingina sana'arsa ga Masar ba. Da littafin 1781 ya fito ya ga kasuwa, sai ya rungumi labarin ya ƙara masa gishiri. Ya ce masana 17 ne suka tsara littafin Thoth kusa da Memphis, shekara 171 bayan ruwan Ɗufana, kuma masu buga karta ne suka ɓata shi, saboda haka shi ne zai gyara.

Matakan da ya bi su ne suka zama tsarin sana'ar har yau. Ya buga jerin farashi, inda fassarar mafarki ke da kuɗinta, duban taurari da nasa, laya da nata, har da kuɗin wata-wata ga wanda yake son ya riƙe shi a matsayin mai ba shi shawara. A 1788 ya kafa ƙungiyar masu fassara littafin Thoth. A 1789 ya fitar da tarot na farko da aka zana musamman don duba. A 1790 ya buɗe abin da ya kira sabuwar makarantar sihiri a Faris, inda ake koyar da ɗalibai. Cikin shekara tara ke nan daga fitowar labarin Masar, an sami katin sayarwa da farashi da makaranta. Tarihin ƙaryar shi ne ya ba hajar daraja, domin mutum ba zai biya kuɗi a koya masa ma'anar wasan caca na Italiya ba, amma zai biya idan aka ce masa sirrin Fir'auna ne.

Bayansa Marie Anne Lenormand (1772–1843) ta shahara a Faris da duba da karta, tana cewa ita ce mai yi wa Josephine matar Napoleon duba. An tsare ta fiye da sau ɗaya, amma ta mutu da dukiya mai yawa.

5.0 Ƙungiyoyin Asiri

A tsakiyar ƙarni na 19 wani tsohon ɗalibin makarantar limaman Katolika, Alphonse-Louis Constant, wanda ya raɗa wa kansa suna Éliphas Lévi, ya sake ɗinka wa tarot riga. A littafinsa na 1854 zuwa 1856 ya haɗa manyan katuna 22 da haruffa 22 na Ibrananci da ilimin asirin Yahudawa. Hujjarsa ba ta wuce daidaituwar lamba ba, kuma tsofaffin katunan Italiya ma ba su yi ittifaƙi a kan jerin manyan katunan ba, kowane gari da nasa.

A 1888 aka kafa ƙungiyar Golden Dawn a Landan. Waɗanda suka kafa ta, William Wynn Westcott da Samuel Mathers da William Woodman, sun ce sun sami izini ne ta wasiƙa daga wata mace a Jamus mai suna Sprengel, wadda ke wakiltar wata tsohuwar ƙungiyar asiri. Membobi sukan hau daraja bayan daraja, kowace da jarrabawarta, kuma tarot yana cikin manhajar. Mashahurin mawaƙin Ayilan, W. B. Yeats, yana cikinsu. A 1900 Mathers da kansa ya zargi Westcott da ƙirƙiro wasiƙun, kuma binciken da Ellic Howe ya buga a 1972 ya ƙarfafa wannan zargi. Daga cikin wannan ƙungiya ne Arthur Edward Waite da mai zane Pamela Colman Smith suka fitar da tarot na 1909, wanda ya fi kowane yaɗuwa a ƙasashen da ke magana da Ingilishi. Shi Waite ya rubuta ƙarara cewa labarin Masar ba shi da tushe, amma wannan bai hana masu sayar da katinsa ci gaba da faɗarsa ba.

6.0 Masu Magana da Matattu da Masu Gwada Su

Yayin da Turai ke ɗinka wa karta tarihi, a Amurka wani reshe na cinikin ya tsiro. A daren 31 ga Maris, 1848, wasu 'yan mata biyu, Margaret da Kate Fox, a ƙauyen Hydesville na jihar New York, suka ce wani ruhu yana amsa masu tambaya ta hanyar ƙwanƙwasawa. Yayarsu Leah ta karɓi ragamar al'amarin, kuma a Nuwamba 1849 aka fara nuna su a babban zaure a Rochester, kuɗin shiga kwata na dala. Cikin 'yan shekaru masu wannan da'awa suka cika Amurka da Ingila.

Shakka ta biyo baya nan da nan. A 1851 likitoci uku na Buffalo suka bincika 'yan matan suka ce ƙarar daga gaɓoɓinsu take fitowa, kuma da aka riƙe gwiwoyinsu sai ruhun ya yi shiru. A 1853 Michael Faraday ya ƙera wata 'yar na'ura da ta nuna cewa teburin da ake cewa ruhohi ke juyawa, hannuwan mazauna ne ke tura shi ba tare da sun sani ba. A 1887 kwamitin Seybert na Jami'ar Pennsylvania ya ba da rahoton cewa bai sami ko da hujja guda ba, sai ha'inci. Sa'an nan a ranar 21 ga Oktoba, 1888, Margaret Fox ta tsaya gaban mutum wajen 2,000 a New York, ta cire takalmi, ta nuna yadda take yin ƙarar da yatsan ƙafarta. An biya ta dala 1,500 a kan wannan iƙirari, bayan shekara guda kuma ta janye shi. Ita da Kate sun mutu cikin talauci a 1893 da 1892. Mabiya suka riƙe janyewar suka watsar da iƙirarin.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da miliyoyin gidaje ke makokin 'ya'yansu, kasuwar ta sake cika. A wannan lokaci ne Harry Houdini, gwanin wasan rufa-ido, ya shiga lamarin. Shi ya san dabarun domin ya taɓa yin su a farkon sana'arsa. A 1922 mujallar Scientific American ta sa kyautar dala 2,500 ga duk wanda ya nuna abin al'ajabi a gaban kwamiti. A 1924 wata mata ta Boston, Mina Crandon, ta kusa cinye kyautar, har wasu masana na kwamitin sun gamsu, sai Houdini ya nuna yadda take kaɗa ƙararrawa da ƙafarta cikin duhu. Abin da wannan ya koyar shi ne cewa digiri a kimiyya ba ya kare mutum daga rufa-ido, domin masanin kimiyya ya saba da abin gwaji wanda ba ya yi masa ƙarya.

Doka ma ta bi irin wannan hanya. Dokar Ingila ta 1735 ta daina ɗaukar maita a matsayin abu mai aukuwa, ta koma hukunta wanda ya yi da'awar yana da ita. Da ita aka ɗaure Helen Duncan wata tara a 1944. A 1951 aka maye gurbinta da dokar da ta taƙaita laifin ga mai yaudara don neman kuɗi, a 2008 kuma aka mai da al'amarin ƙarƙashin dokokin kare mai sayen kaya. Watau hukuma ta ƙare da ɗaukar mai duba a matsayin ɗan kasuwa kamar kowane.

7.0 Me Ya Sa Duba Yake "Faɗa Daidai"?

Tambayar da ta rage ita ce, idan tarihin ƙarya ne, me ya sa mutane masu hankali suke fitowa daga wurin mai duba suna rantsuwa cewa ya faɗi gaskiya? A 1948 Bertram Forer, malamin ilimin halayyar ɗan'adam a Los Angeles, ya ba ɗalibansa 39 wata jarrabawa, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takardar da ya ce bayanin halinsa ce shi kaɗai. Ya nemi su auna dacewar bayanin daga sifiri zuwa 5. Matsakaicin makin ya kai wajen 4.3. Daga nan ya bayyana masu cewa takarda iri ɗaya ya ba kowa, kuma mafi yawan jimlolinta ya tsinto su ne daga wani littafin duban taurari da ya saya a shagon jarida. Jimlolin irin waɗanda ke shiga kowa ne: cewa mutum yana son a so shi, yana yawan zargin kansa, yana da baiwar da bai yi amfani da ita ba.

Ray Hyman, wanda ya zama shaihin malami a Jami'ar Oregon, ya yi duban tafin hannu yana saurayi, har ya gaskata da shi saboda yabon da yake samu. Wani ya ba shi shawara ya gwada faɗin kishiyar abin da layukan hannun ke nunawa a littafi. Ya gwada, masu zuwa kuma suka ci gaba da cewa ya faɗi daidai. A 1977 ya buga maƙala a kan abin da za a iya kira duban lalube: mai duba ya jefa magana mai faɗi, ya lura da fuska da sutura da shekarun mai tambaya, ya bar shi ya cike gurbin da bakinsa, sa'an nan ya mayar masa da maganarsa kamar daga gaibu ta zo. Mai tambaya yakan tuna inda aka dace ya manta inda aka kuskure. Wannan ya nuna cewa ba kowane mai duba ne maƙaryaci da gangan ba, da yawansu su ne farkon waɗanda dabarar ta ruɗa.

Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su sauya sakamakon ba. Gwamnatin Amurka ta kashe wajen dala miliyan 20 cikin shekara ashirin da wani abu tana gwada masu da'awar hangen abin da ke nesa don leƙen asiri, ta rufe shirin a 1995 bayan bita ta nuna bai taɓa ba da bayanin da aka yi aiki da shi ba. James Randi ya sa kyauta a 1964, ta kai dala miliyan ɗaya a 1996, aka rufe ta a 2015, fiye da mutum dubu sun nema ba wanda ya ci.

Wannan irin suka ba Turai ce ta fara shi ba. A 1377, shekarar da Florence ta hana karta, Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima, inda ya siffanta masu neman abinci a birane da bugun ƙasa da tsakuwa da duban madubi da ruwa, ya kuma nuna cewa lissafin bugun ƙasa tsari ne da mutane suka ƙaga, ba ya kai ga sanin gaibu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a Nurul Albab ya yi kakkausan hani ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da taurari. Su sun tsaya a kan hujjar addini da hankali, Forer da Hyman kuwa sun ƙara bayanin yadda dabarar ke aiki a zuciyar mai tambaya.

8.0 Waya, Talabijin da Kwas

A ƙarshen ƙarni na 20 tsarin Etteilla ya sami sababbin kayan aiki. Wani kamfani a Amurka ya riƙa tallar wata mai duban tarot a talabijin da sunan Miss Cleo, ana cewa boka ce 'yar Jamaika, alhali a Los Angeles aka haife ta. Ana cewa kiran waya kyauta ne, sa'an nan a caji mai kira kusan dala biyar a minti. A 2002 hukumar kula da ciniki ta tarayya ta kai kamfanin ƙara, ya amince ya yafe bashin dala miliyan 500 da yake bin masu kira, ya kuma biya tarar miliyan biyar. Ɓarnar ba ta tsaya ga kuɗi ba. A 2004 Sylvia Browne ta faɗa wa wata uwa a shirin talabijin cewa 'yarta da ta ɓace ta mutu. Uwar ta rasu a 2006, a 2013 kuma aka sami 'yar da ranta a wani gida a Cleveland inda aka tsare ta shekara goma.

Makaranta mai hawa-hawa ita ce ta fi kawo riba, domin mai neman duba yakan biya ya tafi, ɗalibi kuwa yakan biya ya dawo. Misali a nan shi ne Reiki, wata hanyar da'awar warkarwa da ɗora hannu wadda Mikao Usui ya fara a Japan a 1922. Hawayo Takata, wadda ta kai ta Hawaii, ta koyar da cewa Usui malamin Kirista ne da ya yi karatu a Jami'ar Chicago, labarin da ba a sami shaidarsa ba da aka bincika. Ta sa dala 10,000 a kan matakin ƙarshe, ta yaye mutum 22 tsakanin 1970 da rasuwarta a 1980. Wanda ya biya wannan kuɗi hanyarsa ta mayar da shi ita ce ya buɗe tasa makarantar.

Wani gwaji da Elliot Aronson da Judson Mills suka yi a 1959 ya bayyana dalilin da ya sa tsada ba ta korar ɗalibi. Sun sa wasu ɗalibai sun sha wuya kafin a shigar da su wata ƙungiyar tattaunawa wadda aka shirya ta da gangan ta zama maras armashi, sai waɗanda suka fi shan wuya suka fi yabonta. Wanda ya zuba dukiyarsa yana jin nauyin ya yarda cewa an cuce shi, saboda haka kowane biya yana ɗaure shi ga na gaba. Ƙarshen wannan hanya ya bayyana a Oktoba 2009 kusa da Sedona a jihar Arizona, inda mutane suka biya James Arthur Ray kusan dala 10,000 kowanne don horon ruhi na 'yan kwanaki. Ya shigar da fiye da mutum hamsin wata bukka da aka zafafa da duwatsu, yana ƙarfafa su su jure. Uku suka mutu. A 2011 kotu ta same shi da laifin kisa ta hanyar sakaci, ta ɗaure shi shekara biyu.

9.0 Kammalawa

An ga cewa tarot wasan karta ne na Italiya ta ƙarni na 15, wanda aka ƙaga masa asalin Fir'auna a 1781, aka sa masa farashi da makaranta kafin 1790 ta ƙare. An kuma ga cewa wasiƙun Sprengel da Jamaikar Miss Cleo da Chicagon Usui duk aiki ɗaya suka yi, watau ba haja tsufa ko nisan asali don ta yi tsada. Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma tarihin nan ya nuna cewa tona ramin ba ya rufe kasuwar. Champollion da Faraday da Houdini da Forer duk sun yi nasara a fagen hujja, masu saye kuma ba su daina zuwa ba, saboda abin da ke kai su shi ne mutuwar ɗa ko mutuwar aure ko tsoron gobe, kuma mai duba yakan zauna ya saurare su. Mai suka da ya raina wannan buƙata ya bar wa ɗan kasuwa fili.

Abin da manazarci da malamin makaranta za su iya ɗauka daga nan shi ne hanyar bincike. Duk ilimin da aka ce tsoho ne kuma asirtacce, a nemi takarda mafi daɗewa da ta ambace shi, a san wanda ya fara faɗar labarin asalinsa da shekarar da ya faɗa, a kuma duba abin da shi mai faɗar yake sayarwa a wannan shekara. Da waɗannan tambayoyi uku Dummett ya warware al'amarin tarot, da su Howe ya warware na Golden Dawn, kuma ba sa buƙatar wani kayan aiki da ya wuce ɗakin karatu da haƙuri.